Takardar Gwaji Ko Jikin Mara Lafiya: Wanne Likita Zai Bi Idan Jini Ya Ƙi Daskarewa?

Cikin hunturun bara, wani dattijo maƙwabcinmu a Dutse Uku ya kwanta rai a hannun Allah a sashen gobe-da-nisa na wani asibiti a nan Jos. Ciwon suga ne ya ɓata masa ƙafa, ƙwayoyin cuta suka bi ta gyambon suka shiga jini. A rana ta uku takardar gwaji ta fito, aka zagaye lambobi biyu da jan biro: INR ya kai 1.8, ƙwayoyin filatilet sun sauko zuwa 70,000. Wani ma'aikaci ya ce wa iyalin jinin Baba ba ya daskarewa yadda ya kamata. Kafin la'asar babban ɗansa ya tara samari huɗu daga unguwa.

"Likita, ga yara na kawo. Leda nawa za a ɗiba wa Baba?"

Likitar ta duba dasashin dattijon, ta duba wuraren da aka soka allura, ta duba fitsarin da ke cikin jaka, sannan ta ce, "Alhaji, yau Baba ba jini yake buƙata ba. Ƙafar za mu wanke, mu canja maganin ƙwayoyin cuta, gobe da safe mu sake gwaji."

A waje gardama ta kaure. Ƙanwar dattijon, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ta ce wa ɗan, "Kai yaro, jira za ku yi sai jini ya ɓalle wa Yaya?" Shi kuma ya rasa ta cewa. Na tsaya ina saurare, daga baya na fahimci cewa wannan gardama ta bakin ƙofar asibiti ita ce likitocin duniya suka daɗe suna yi a tsakaninsu: idan gwaji ya nuna daskarewar jini ta samu matsala a jikin wanda ciwo ya yi wa tsanani, amma ba a ga jini na zuba ba, a gaggauta gyara lambar da ƙarin jini, ko a nemi abin da ya ɓata ta?

Abin da lambobin ke aunawa

Jini na daskarewa ne da haɗin guiwar abubuwa uku. Akwai filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke rugawa su toshe bakin rauni. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikirolita. Akwai sinadaran daskarewa da ke yawo cikin ruwan jini, wato filasma, waɗanda hanta ke sarrafa mafi yawansu, huɗu daga ciki kuma ba sa aiki sai da bitamin K. Sai fibirinojin, wanda ke rikiɗa ya zama zare ya ɗaure gudan jinin. Gwajin PT da na aPTT suna ƙirga daƙiƙun da filasma ke ɗauka kafin ta daskare a cikin kwalba. Armand Quick ne ya ƙirƙiro PT a Amurka a 1935. INR kuwa lissafi ne da aka ɗora a kan PT, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1983 domin daidaita awon masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. A mai lafiya yana kusa da 1.0. A riƙe wannan asali, domin rabin gardamar a kansa take.

Ɓangaren farko: ba a fafe gora ranar tafiya

Masu goyon bayan gyara da wuri suna da hujja mai nauyi. Wanda ke sashen gobe-da-nisa ba shi da ragowar ƙarfi. Abin da mai lafiya zai zubar ya tashi, shi zai iya kai shi kushewa. Jinin da ya zuba cikin ƙwaƙwalwa kuma ba ya sallama, kafin a gane an makara. Ga shi kullum ana soka wa irin wannan mara lafiya wani abu: bututu a babbar jijiyar wuya, allura a gadon baya, wuƙa a ɗakin tiyata.

Akwai binciken da ya tsaya musu. A 2023 likitocin ƙasar Holan suka wallafa sakamakon gwajin da suka kira PACER, a kan marasa lafiya masu filatilet tsakanin 10,000 da 50,000 da za a sanya wa bututu a babbar jijiya. Waɗanda aka ƙara wa filatilet tukuna, kashi 4.8 cikin ɗari ne suka yi zubar jini mai dalili. Waɗanda ba a ƙara wa ba, kashi 11.9. Ke nan akwai inda rigakafi ke da tasiri a zahiri.

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da mu. A London ko Jidda, idan jini ya ɓalle, cikin mintuna kaɗan ledoji sun iso. A nan kuwa, kowa ya san zirga-zirgar da ake yi: a kira 'yan'uwa, a gwada rukunin jininsu, a tantance shi, a biya kuɗi, wani lokaci a tashi daga wannan asibiti a nufi wancan da tsakar dare. Filasma a daskare ake ajiye ta, narkar da ita kaɗai na cin kusan rabin awa. Mai jego da mahaifa ta saki mata jini ba ta da wannan rabin awar. Likitocin haihuwa sun san cewa idan fibirinojin ɗin mace mai zubar jini ya faɗo ƙasa da giram 2 a lita, alama ce ta cewa abin zai yi muni. Don haka ɓangaren farko ke cewa: a ƙasar da jini ke wahalar samu, wanda ya jira ya ga jini da idonsa ya riga ya makara. Wannan ita ce maganar ƙanwar dattijon, kuma daga gogewa ta faɗe ta.

Ɓangare na biyu: garin gyaran gira kada a rasa ido

Masu cewa a dakata sun fara ne da tambayar ko lambar ma gaskiya ce. Kwalbar gwajin daskarewa, mai shuɗin murfi, tana ɗauke da sinadarin da aka auna daidai: kashi ɗaya nasa, kashi tara na jini. Idan ba a cika ta ba, sakamakon zai nuna jinkirin da babu shi a jiki. Idan an ɗebi jinin ta bututun da aka wanke da hefarin, wani maganin hana jini daskarewa, aPTT zai yi tsawo. Idan samfurin ya wuni a kan tebur ana jiran wuta ko mai kai shi, ya lalace. Wani lokaci filatilet kan dunƙule a cikin kwalba, na'ura ta ƙirga su kaɗan, sai an shafa jinin a gilashi an duba da madubin likita a ga suna nan. Ashe matakin farko bayan mummunan sakamako shi ne a duba mara lafiya a kuma sake gwajin.

Ko da lambar ta tabbata, suna cewa ba a ƙirƙire ta don hasashen zubar jini ba. Misali mafi bayyana shi ne mai ciwon hanta, kuma muna da su da yawa: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da cutar hanta nau'in B. Hantar da ta gaji tana rage sarrafa sinadaran da ke daskarar da jini, amma tana kuma rage waɗanda ke hana shi daskarewa fiye da kima. PT na ganin ragin farko, ba ya ganin na biyu. Sai ka ga mutum da INR 2.0, maimakon ya zubar da jini, gudan jini ne ke toshe masa jijiya. Haka mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: filatilet ɗinsa kan faɗi ƙwarai, amma da wuya ya yi zubar jini, kuma da zarar allurar atesunet ta kama, sai su dawo da kansu.

Tarihin Jos ma ya nuna ɗaya gefen. A Janairun 1969 aka kawo ma'aikaciyar jinya Laura Wine daga garin Lassa zuwa asibitin da muke kira Jankwano, inda ta rasu da cutar da duniya ba ta san ta ba a lokacin. A Fabrairun 1970 cutar ta kashe likitar asibitin, Jeanette Troup, bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. Abin da aka koya daga baya game da zazzaɓin Lassa shi ne, a wurin waɗanda ke zubar jini, sau da yawa matsalar tana ga aikin filatilet da bangon jijiyoyi, alhali PT bai nuna wani babban sauyi ba. Takarda mai kyau ba ta hana zubar jini ba, kamar yadda mummuna ba ta tabbatar da shi.

Sannan suna tambaya: filasmar ma tana gyara lambar? A 2006 masu bincike a babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka bi diddigin waɗanda aka ƙara wa filasma saboda INR ɗinsu ya ɗan hau, tsakanin 1.1 da 1.85. Ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari ne lambarsa ta koma daidai. Dalilin a fili yake. Filasmar da ke cikin leda ita ma INR ɗinta na ɗan sama da 1.0, kuma kafin ta yi tasiri ana buƙatar kimanin mililita 15 a kan kowane kilo na nauyin mutum, wato leda huɗu ga babba. Leda ɗaya ko biyu da aka saba ratayawa "don a ga an yi wani abu" hankalin iyali kawai take kwantarwa.

Ba kuma kyauta jiki ke karɓar ta ba. Lita guda ta ruwa a jikin tsoho mai raunin zuciya ko ƙoda na iya cika masa huhu. Akwai kumburin huhu da jinin wani kan haddasa cikin awa shida. Akwai cututtukan da gwaji ba ya kamawa a makonnin farko na kamuwa. Binciken PlaNeT-2 da aka wallafa a 2019, a kan jarirai bakwaini 660 a Birtaniya da Ailan da Holan, ya girgiza likitoci: waɗanda aka riƙa ƙara wa filatilet da wuri, da zarar sun sauka ƙasa da 50,000, kashi 26 cikin ɗari sun rasu ko sun yi babbar zubar jini, waɗanda aka jira sai ƙasa da 25,000, kashi 19. Kyakkyawar niyya ce ta jawo ƙarin asara.

Hujjarsu ta ƙarshe ta juya ta ɓangaren farko a kansa. Gaskiya ne jini na wahalar samu a nan. To, ledar da aka rataya wa dattijon da ba ya zubar da jini, daga bakin wa aka cire ta? Jos na da cibiyar shiyya ta Hukumar Jini ta Ƙasa, ga asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Filato, amma har yanzu kaso mai yawa na jinin da ake ƙara wa mutane a ƙasar nan daga 'yan'uwa yake fitowa. Filatilet ba sa wuce kwana biyar a ajiye, kuma sai ana girgiza su ba dare ba rana a zafin ɗaki, aikin da ke buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Garin da ya ga ranar 20 ga Mayun 2014, lokacin da bama-bamai biyu suka tashi a Taminus suka kashe fiye da mutum ɗari, ya san yadda ma'ajiyar jini ke ƙarewa cikin awa guda.

Abin da kububuwa ta koyar

Akwai wuri ɗaya da ɓangarorin biyu ke haɗuwa, kuma a ƙasarmu aka gano shi. Duk manomin Langtang ko Shendam ko Kaltungo ya san kububuwa. Dafinta na tayar da daskarewar jini a ko'ina cikin jiki har fibirinojin ya ƙare, daga nan jinin ya zama kamar ruwa. Mutum zai iya zuwa asibiti da ƙafarsa yana hira, bayan kwana biyu jini ya zubo masa a ƙwaƙwalwa. A shekarun 1970, David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka fito da gwaji mai sauƙi: a zuba ɗan jini a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a bar ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. Idan jinin ya kwarara, dafi ya shiga jiki. Da wannan gwaji ake aiki a Kaltungo da cibiyar JUTH ta Zamko a Langtang, kuma ya bazu har Asiya.

A nan ɓangaren farko ya yi gaskiya: ba a jiran ganin jini, kwalbar kaɗai ta isa a fara magani. Amma wane magani? Ba filasma ba. Muddin dafin na yawo, duk abin da aka zuba zai cinye shi. Maganin dafi ake bayarwa, irin su EchiTAb, sai hanta ta ci gaba da aikinta, bayan awa shida a sake gwajin. Idan jinin bai daskare ba a ƙara wani. A nan kuma ɓangare na biyu ya yi gaskiya. Gwajin ya yi amfani ne domin ya nuna sanadi, maganin kuma ya yi aiki ne domin ya bi sanadin.

Da wannan ma'auni za a iya auna sauran. Wanda ya kwana biyu ba ya cin abinci, yana shan maganin ƙwayoyin cuta, INR ɗinsa ya hau, sau da yawa bitamin K yake buƙata, allura mai araha. Wanda ƙwayoyin cuta suka birkita wa jini, har filatilet da fibirinojin ke ƙonewa a ƙananan jijiyoyi, gyaransa na ga kashe cutar da cire tushenta, ko ruɓaɓɓen nama ne ko mugunya. Mai ciki da jijjiga ta taɓa wa hanta da filatilet, ko wadda mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokaci, maganinta a raba ta da cikin. Wanda filatilet ɗinsa suka faɗi kwana biyar zuwa goma bayan fara hefarin, a tsayar da hefarin ne, ƙara masa filatilet na iya ƙara toshe jijiya.

Inda jira ya zama laifi

Duk wannan magana a kan wanda ba ya zubar da jini ne. Idan jini na kwarara, hukunci ya juya gaba ɗaya, kuma a nan ne na fi jin tsoron a yi wa ɓangare na biyu mummunar fahimta. Sakamakon PT kan ɗauki awa ko fiye kafin ya dawo, lokacin da ya iso labarin jinin awa guda da ta wuce yake bayarwa. Ba a tsayar da magani don jiran sa. A danne wurin, a ɗaure, a shiga tiyata, a ba da jini, in babu filasma da filatilet a ba da sabon jini cikakke. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da masu haihuwa ya koyar da gwajin bakin gado: mililita 2 na jini a kwalbar gilashi, a riƙe ta cikin tafin hannu don ɗumi, idan minti 7 ya wuce ba gudan jini, ko gudan ya fashe da sauƙi, daskarewa ta lalace.

Akwai kuma allurar tiranezamik, wadda ke hana gudan jini narkewa. Binciken WOMAN na 2017, a kan mata 20,060 masu zubar jini bayan haihuwa a ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da mata, ya nuna idan an yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Binciken CRASH-2 na 2010 ya nuna amfaninta ga masu rauni. A 2023 kuma binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da mai jego ke zubarwa da leda mai ma'auni, tare da haɗa magunguna a lokaci guda, ya rage munanan sakamako da kashi 60 cikin ɗari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran INR.

Mu mutanen Jos muna da ƙarin abin lura. Garinmu na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba sai an faɗa wa ɗan Dutse Uku ba. Jikin da ya yi sanyi ƙasa da ma'auni 35, daskarewar jininsa na raguwa. Na'urar gwaji kuma tana ɗumama samfurin zuwa 37 kafin ta auna, don haka takarda za ta iya fitowa lafiya alhali jinin mutumin da aka ɗauko daga hatsari a hanyar Bauchi da asuba ba ya kamawa. Bargo, ruwan ƙari mai ɗumi, da sinadarin kalsiyam da jinin leda ke ragewa, duk suna cikin maganin zubar jini.

Matsayata

Bayan auna hujjojin, na karkata ga ɓangare na biyu, amma da sharuɗɗan da na koya daga na farko. Mummunan sakamako tambaya ce da ake wa likita: gaskiya ne, me ya kawo shi, jini na zuba, akwai yanka a gaba? Idan ba zuba ba yanka, a bi sanadi, a bar leda a firiji, sai dai in filatilet sun sauka ƙasa da 10,000, inda haɗarin ɓallewar jini da kansa ya zama na gaske. Idan akwai babbar tiyata, a kai su 50,000, ta ƙwaƙwalwa kuwa 100,000. Damuwar ƙanwar dattijon game da jinkirin samun jini gaskiya ce, amma amsarta ita ce a tanadi jinin, a gwada rukuni, a ajiye shi kusa. Tanadi daban, ratayawa daban.

Nauyi kuma ya hau kan likitoci su yi wa iyali bayani da harshen da suke ji. Mutanenmu sun ɗauki ƙarin jini a matsayin ƙololuwar kulawa, kuma kawo jini hanya ce da dangi ke nuna ba su yar da nasu ba. Wanda aka ce masa "ba a buƙata" ba tare da dalili ba, zai tafi da zargin an yi wa mahaifinsa sakaci.

Likitar nan ta yi bayanin. Da magariba ta fito ta zauna da ƙanwar dattijon, ta kira ta Mama, ta nuna mata abin da take dubawa duk bayan awa huɗu da abin da zai sa ta canja shawara nan take. Sannan ta juya ga samarin huɗu ta roƙe su kada su koma gida da jininsu. Uku daga ciki suka cancanta, aka ɗiba, aka rubuta leda ɗaya da sunan Baba ko da buƙata za ta taso. An wanke ƙafar a daren. Filatilet suka fara hawa a rana ta shida, ba a taɓa ledar ba, daga baya aka mayar da ita cikin na kowa. Samun sauƙin mutum ɗaya ba ya yanke muhawara irin wannan. Abin da na sani shi ne, a asibitin da ake haihuwa dare da rana, ledoji ukun nan ba su daɗe a firiji ba.